Da Ƙafa Zuwa Lugu

Ni malamin makaranta ne. An haife ni a Dogon Dutsi, na yi karatun malanta a Doso. Yau zan ba ku labarin wata tafiya da na yi da ƙafa a shekarar 2018, lokacin hutun ƙarshen watan Maris. Kwana shida muka yi bisa hanya. Mota tana iya yin wannan tafiya a yini guda, amma ba rashin mota ya sa muka taka ba.

Ni Kirista ne, kamar mahaifina. Da yawa daga cikinku Musulmi ne, kun san aikin hajji. Wataƙila kun ji labarin kakanni da suka tafi Makka da ƙafa, suka bi ta Cadi da Sudan, suna tsayawa su yi noma su sami guzuri, har shekaru su wuce. Kiristoci ma suna da tafiyar ibada, ko da yake ba farilla ba ce a kansu. A ƙasar Benin, mutane suna taruwa a dutsen Dasa cikin watan Agusta. A Uganda, wasu sukan yi makonni suna tafiya don su isa Namugongo ranar 3 ga Yuni, wurin da aka ƙone wasu samari a 1886 saboda sun ƙi barin addininsu. Tamu tafiyar ƙarama ce, ba ta da suna, ba a sanar da ita a rediyo ba. Mu tara ne kawai.

Wanda ya shirya ta wani tsoho ne, malamin majami'armu. Muna ce masa Baba. Ya yi shekaru yana zagaya ƙauyuka a kan keke, yana koyar da addini. Ya ce kafin ƙarfinsa ya ƙare yana so ya ziyarci ƙananan majami'un karkara da ƙafa, cikin makon ƙarshe na azumin kwana 40, sa'an nan mu komo Dogon Dutsi mu yi Idin Faska, wato idin tashin Yesu Almasihu. Da ya zayyana mana hanya, sai ya ce: "Za mu bi ta Matankari, mu ratsa kusa da Bagaji, mu kai Lugu."

Da na ji sunan Lugu, gabana ya faɗi. Zan gaya muku dalili in mun isa can.

Muka tashi ran Litinin, 26 ga Maris, da asuba. Akwai samari huɗu, da mata biyu, da wani manomi da ya zo tun daga Gesheme, can cikin yankin Tibiri, sai Baba da ni. Kowa ya ɗauki tabarma, da gorar ruwa, da gari da ƙuli-ƙuli a ƙunshe. Baba ya sa tsohon takalminsa na roba da malafa. Ni kuwa, da yake ni mushe ne, na sayi sabon takalmi sau-ciki na jikka shida. Baba ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata, bai ce kome ba.

Muna da gicciye guda na itace, tsawonsa kamu biyu. Muna fita gari, wani saurayi ya ce a sa shi cikin buhu. Ba mu yi masa dariya ba, don kowa ya san abin da yake tunawa. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, mutane sun mutu. Shekara uku ke nan, amma tsoro bai gama fita daga zukata ba. Wani saurayin kuma ya ce a'a, a ɗaure shi bisa doguwar sanda, a ɗaga sama kowa ya gani. Suka fara gardama. Baba ya karɓi gicciyen, ya riƙe shi a hannu kamar yadda manomi yake riƙe hauyarsa in za shi gona. Ya ce: "Haka za a riƙe shi. Ba mu sato shi ba, balle mu ɓoye. Ba kuma yaƙi za mu ba, balle mu ɗaga tuta." Haka muka yi ta karɓa-karɓa har muka dawo.

Da rana ta fito, muka waiwaya. Ga dutsen da ya ba garinmu suna yana tsaye a bayanmu, ja wur. Mun shiga cikin Dallol Mawri. Dallol wani tsohon kogi ne da ya daina gudu tun dubban shekaru. Ya bar kwari mai faɗi, mai rairayi, da duwatsu a gefensa. A cikin kwarin ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ƙauyuka suka yi jere a ciki. Gonaki duk a bushe suke, sai kututturan hatsi. Amma gawo yana nan kore shar. Kun san halin gawo: da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi sabo. Matafiyin bazara ba ya da abokin da ya fi shi.

Ga yadda muke tafiya. Mu tashi tun da duhu, mu yi ta takawa har ƙarfe 10 ko 11. In rana ta take, zafi yakan wuce digiri 40, sai mu nemi inuwa mu kwanta. Da la'asar mu ƙara kaɗan. Sa'a ta farko ba a magana, kowa yana addu'a a zuciyarsa. Bayan haka a yi waƙa, ko Baba ya karanta zabura da Hausa. In an gaji, hira ce kawai, har da ba'a.

Majami'ar farko da muka isa, da ba a nuna mini ba, da na ce rumbu ne aka yi wa ƙofa. Ɗaki guda ne na laka, da rufin kwano, da kujeru na ƙasa da aka gina jere. A bakin ƙofa an rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota a jikin bedi, shi ne ƙararrawa, irin wadda muke bugawa a lakkwal. Gida huɗu ne Kirista a ƙauyen. Fada ba ya samun zuwa kullum, don haka ran Lahadi wani manomi da ya iya karatu shi yake karanta musu Littafi Mai Tsarki. Littafin nan ya tsufa, an ɗinke bayansa da fatar akuya. Da muka iso, wata tsohuwa ta yi guɗa. Ta ce tun da aka gina ɗakin nan, ba a taɓa cika shi ba sai yau. Mu tara ne fa muka ƙaru.

Ran Talata muka ratsa Matankari. Nan ne tsohon mazaunin Sarkin Arewa. Tarihin baka ya ce wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo ƙasar nan, ya auri ɗiyar Bauran Bagaji, suka haifi Akazama, wanda sarakunan Arewa suka fito daga tsatsonsa. Daga sunan Ari aka sami Arewa da Arawa. Amma kafin Ari ya zo akwai masu ƙasa, su ne mutanen Lugu da Bagaji. Na sha koya wa yara wannan a aji, da alli a hannu. Ban taɓa taka hanyar da ke tsakanin garuruwan ba sai ran nan.

Majami'a ta biyu ta ƴan'uwanmu ce masu bishara, ba ta Katolika ba. Addu'armu ta ɗan bambanta, waƙoƙinmu ma haka. Suka ba mu tuwo da miyar kuka, muka kwana a cikin ɗakin ibadarsu. Ba wanda ya tambayi wani takardar baftisma.

To, ran Laraba takalmina ya nuna mini halinsa. Tun ran Talata diddigena ya yi bororo, na ɓoye don kunya. Da muka hau tudu, muka bar rairayin dallol muka shiga tsakuwa da fako, sai bororon ya fashe. Ina ɗingishi, ina cizon leɓe. A kan tudu ruwa yana da nisa ƙwarai, rijiyoyi suna da zurfi, ƙauyuka kuma jefi-jefi ne. Babu gawo, sai geza da sabara, waɗanda ba su da inuwar kirki. Wajen ƙarfe 11 gorunanmu suka ƙare. Ɗaya daga cikin matan ta fara ganin jiri.

Muka hango wani ƙauye. Babu Kirista ko ɗaya a cikinsa, Baba ya sani. Saurayin nan mai maganar buhu shi ke riƙe da gicciye a lokacin. Na ga hannunsa yana rawa, amma bai ɓoye ba.

A bakin rijiya muka tarar da mata suna jan ruwa, igiya doguwa, mutum uku a kan guga ɗaya. Baba ya yi sallama. Suka dube mu, suka dubi abin da ke hannun yaron. Wata babba a cikinsu ta ce: "Daga ina kunka hito cikin wagga rana?" Baba ya ce daga Dutsi. Ta ce: "Da ƙahwa? Motarku ta lalace?" Ya ce ba mu da mota, tafiyar ibada muke yi. Ta girgiza kai, ta karkato gugan da suka sha wuya kafin su jawo, ta cika mana goruna. Sai da suka ja sau uku kafin mu ƙoshi.

Kafin mu gama, yaro ya zo ya ce liman yana kiranmu. Muka tafi, kowa ya yi tsit. Muka same shi a zaurensa, dattijo ne siriri, da allunan almajirai jingine a bango. Ya tambayi Baba inda za mu da abin da muke nema. Baba ya gaya masa gaskiya. Liman ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce kakansa ya tafi Makka da ƙafa, ya yi shekara bakwai kafin ya komo, kuma a gidajen da bai sani ba ya yi ta kwana. Ya sa aka share zauren, aka kawo fura mai sanyi. Da azahar ta yi, ya tashi ya tafi masallaci, ya bar mu muna tamu addu'ar a cikin zaurensa. Da ya dawo ya ga ƙafata, ya aika gida aka kawo wani tsohon fade. Ya ce: "Malam, cire wannan kurkukun." Na cire. Sabon takalmina na jikka shida ya ƙarasa tafiyar rataye a wuyana, samari suna ce mini mai sarƙa.

A daren nan na yi lissafi, tun da lissafi sana'ata ce. Cikin kwana uku mun shiga majami'a biyu. Amma mun sha ruwa a rijiya bakwai, kuma ba rijiyar Kirista ko ɗaya a cikinsu.

Ran Alhamis da hantsi muka hango Lugu, a gindin duwatsu. Ƙaramin ƙauye ne, amma sunansa ya kai nesa. Nan ne mazaunin Sarauniya, shugabar Azna, wato masu bin al'adar kakanni. Sarauniya sarauta ce, mata da yawa sun riƙe ta bi da bi. An ce ta farkon daga Daura ta fito. Kusa da garin akwai Tunguma, dutsen da mutane suka daɗe suna kai wa ƙara don ya raba gaskiya da ƙarya. Wadda duniya ta fi sani ita ce Sarauniya Mangu. A watan Afrilu na 1899, rundunar wasu sojojin Faransa biyu, Bule da Shanuwan, ta iso nan tana ƙone garuruwa. Mutanen Lugu suka ƙi miƙa wuya, suka yi faɗa da kibau, suka shige cikin daji da duwatsu. Rundunar ta wuce gabas, ta yi ɓarna mai yawa a Birnin Ƙonni. Marubucin ƙasarmu Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi silima a 1986.

A bakin gari muka sake yin gardama. Manomin Gesheme ya ce shi ba zai shiga ba, bai ga abin da ya haɗa tafiyar Kirista da gidan tsafi ba. Ba mugun mutum ba ne, abin da zuciyarsa ta ba shi ke nan. Baba bai tilasta shi ba. Ya ce masa: "Zauna ka tsare mana kaya. Mu ba bauta za mu yi ba. Amma ba a ratsa gonar mutum a wuce ba a gai da shi ba." Muka shiga. Muka tuɓe takalma a ƙofar gidan Sarauniya, muka isar da gaisuwa ta bakin wani dattijo, aka amsa mana, aka yi mana fatan sauka lafiya. Ba mu je wurin Tunguma ba, ba kuma wanda ya ce mu je.

Yanzu ga dalilin faɗuwar gabana. Mahaifina ɗan wata ƴar tunga ce kusa da Lugu. Yana yaro aka kai shi lakkwal ɗin mishan a Dogon Dutsi, can ya zama Kirista. Da kakana ya rasu, aka ce mahaifina ya zo ya riƙe wuƙar yankan gida, tun da shi ne ɗa namiji. Ya ce ba zai iya ba. Yayarsa ta ce masa a gaban jama'a: wanda ya yar da gidan ubansa, kada ya ƙara taka ƙofarsa. Bai ƙara takawa ba, fiye da shekara 30. A 2016, yana kwance cikin ciwon ajali, ya kira ni ya ce: "Ka kai wa yayata goro. Ka ce mata ban yi fushi ba." Na ce to. Shekara biyu ina cewa sai hutu mai zuwa. Da kabu-kabu, tafiyar sa'o'i kaɗan ce. Tsoro nake ji ta kore ni.

Baba ya san wannan magana, don shi ya yi wa mahaifina addu'ar ƙarshe. Sai a Lugu na gane abin da ya sa ya karkato da hanyarmu ta nan. Ya ce wa sauran su huta. Ni kuma ya nuna mini wata ƴar turba da sandarsa, ya ce: "Je ka. Muna nan har gobe da asuba."

Na tafi ni kaɗai, da goro goma a aljihu. Na sami Gwaggo zaune a gindin rumbu tana ɓarzar gujiya. Ta tsufa ƙwarai, idanunta sun yi hazo. A kumatunta akwai zanen Arawa, tun daga gefen baki har kunne, irin na mahaifina. Ƴaƴanta duk Musulmi ne, ita kaɗai ta rage bisa al'adar da. Na yi sallama, na durƙusa. Ta ce: "Wa a nan?" Na ce baƙo ne daga Dutsi. Ta ajiye ƙwaryar. Ta ce: "Sake magana." Na sake. Ta miƙo hannu ta shafa fuskata, tana neman zane, ba ta samu ba, don ba a yi mini ba. Ta ce: "Huska ba tamu ba ta. Amma murya tashi ta."

Na ba ta goro, na faɗi saƙon yadda aka ba ni. Ta riga ta ji labarin rasuwar tun da daɗewa. Ta daɗe ba ta ce kome ba, tana juya goro ɗaya a tafin hannu. Can ta ce: "Har ya mutu shina bisa hanyar nan tashi?" Na ce i, Gwaggo, har ranar ƙarshe. Ta ce: "To, ashe ba wasa ya yi ba. Ni na aza Nasara shika biya." Ta fasa goron, ta ci rabi, ta ba ni rabi.

Da na tashi in gyara zama, ta ji ina jan ƙafa. Ta tambaya, na ce da ƙafa na zo daga Dutsi. Ta yi ta faɗa: wane irin malami ne wannan da ba ya da kuɗin mota? Ta sa jikarta ta ɗora ruwa, ta zuba gishiri. Ta ce in miƙo ƙafar. Na ce ai ni zan wanke. Ta ce: "Yi mini shiru." Ta wanke ƙafafuna biyu da hannunta, ta shafa man kaɗe, ta ɗaure da tsumma. A yammacin wannan Alhamis ɗin, a majami'un Katolika na duniya duka, fada yakan durƙusa ya wanke ƙafafun mutane, don tunawa da abin da Yesu ya yi wa almajiransa. Ban gaya mata ba. Na san cewa za ta yi ba ruwanta, ƙafar ɗan ƙanenta ce ta kumbura.

Na kwana a gidan. Ƴaƴanta suka zo muka gaisa, suka yi ta kallona suna cewa ga hancin kawu. Ɗayansu ya nuna mini gonar kakanmu, da wata tsohuwar aduwa da mahaifina yake hawa yana yaro. Da asuba, bayan sun idar da salla, babban ya raka ni har inda su Baba suke.

Komowa ba ta da labari mai yawa. Ran Juma'a da ƙarfe 3 muka tsaya a majami'a ta uku, muka yi addu'ar tunawa da mutuwar Yesu, mu da gida biyu na ƙauyen. Ran Asabar ƙafata ta ƙi sam, na hau amalanken wani mai kai itace kasuwa, na yi kilomita kamar goma a kai. Samari sun ce tafiyata ba ta cika ba. Baba ya ce jaki ma halittar Allah ne. Da magariba muka shiga Dogon Dutsi, muka tarar ana haɗa itacen wutar daren Faska a ƙofar majami'a.

Gwaggo ta ba ni abu guda da zan tafi: irin hatsi, cikin ƴar jaka ta tsumma, daga rumbun gidan kakana. Ta ce in shuka kusa da inda ƙanenta yake kwance. Da ruwan farko ya sauka na shuka a gonarmu, ba nisa da maƙabarta. Da kaka na sami dami uku. Na kai mata guda, a kan kabu-kabu, sanye da faden liman.